Tsagogin Jikin Gora

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar baƙi a kwalekwale a tafkinmu, kuma ban taɓa ce wa baƙo wani abu ya lalace ba. Haka muka gaji aikin. Mutum ya baro ƙasarsa, ya hau jirgi ya hau mota don ya ga tsuntsaye, ba ka tarbarsa da kukanka. In ya tambayi ruwa, ka ce lafiya lau. In ya tambayi kifi, ka ce sai godiya. Ka kai shi inda idonsa zai ji daɗi, ka dawo da shi yana murmushi.

Daga tasharmu, in ka yi tuƙin kamar minti ashirin, ruwan ya rabu biyu. Hanyar dama tana da zurfi har yau, ga bado ya yi fure, ga dinya da balbela. Hanyar hagu kuwa ita ce tsohon mashigin da kogi yake bi ya cika tafkin. Damina ta sauya hali: ta yi shiru ta yi shiru, sai ta zubo gaba ɗaya cikin kwana biyu, ta kwaso yashi ta jibge a bakin mashigin, ta wuce. Tsibirin da tsuntsaye ke ƙwai ya haɗe da tudu, karnuka suna takawa da ƙafa su shanye ƙwan. Kwalekwalenmu arba'in ne a da, suka koma goma sha ɗaya. Otal ɗin bakin ruwa ya kulle rabin ɗakunansa. Duk da haka mu dai dama muke bi da baƙo, kuma mun ƙware.

Wana shi ne shugaban ƙungiyar masu kwalekwale, kowa Yaya yake ce masa. Ranar da takarda ta zo cewa wata mata daga wata hukuma ta ƙasar waje za ta kwana uku tana duba tafkin, sai ya tara mu a ƙarƙashin rumfa.

"A yi fenti, a share tasha," in ji shi. "Wanda ya kunyata mu gaban matar nan, ni da shi. Na-Shiru, kai za ka tuƙa ta, tunda kai dai ba ka da bakin da zai ɓata mana aiki."

Na-Shiru ni ne. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Matar ta iso da direba da wani tafinta ɗaure da lakataya a wuya a wannan zafin. Doguwa ce, gashinta ya fara fari, jakarta cike da ƙananan kwalabe da take ɗiban ruwa a ciki. Kafin azahar ta samu suna, Mai Kwalabe. Yaya ya fara jero mata gaisuwa, ya hanya, ya iyali, ya aka baro mutanen gida. Bai kai rabi ba ta yi magana.

"Ta ce ruwan ya ja baya da mita nawa cikin shekara goma?" in ji Tafinta.

Yaya ya juyo gare mu. "Ikon Allah. Ko gaisuwa ba ta ƙare ba ta hau tambaya, sai ka ce 'yar sanda." Sannan ya gyara murya. "Gaya mata ruwa lafiya lau. Wata shekarar ya ɗan yi ƙasa, wata ya yi sama, kamar kowane ruwa."

Kwana biyu ina tuƙa ta ta hanyar dama, Yaya a gaba yana nuna mata tsuntsaye. Ni ina baya, ina ganin abin da shi ba ya gani. Ba ta ɗaukar hoton tsuntsu. Gaɓa take kallo, da saiwar itatuwa. Tambayar nan ɗaya ta yi ta sau huɗu, kowane karo ta sauya mata riga, kowane karo aka ce mata lafiya lau. In an faɗa sai ta rubuta ɗan gajeren abu ta rufe littafin. Na ga baƙi masu jin daɗi sun fi dubu, ba haka fuskarsu take ba.

Da la'asar ɗin kwana na biyu na zauna wurin mai shayi. Direbanta yana can, mutum ne da ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ni kuwa zama kusa da irinsu ba ya yi mini wuya.

"Ku kam kun huta," ya ce wa mai shayi. "Tafki uku ta zo dubawa, injin yashe ƙasa kuwa guda ɗaya hukumarsu take da shi. Inda ya fi jin jiki can za a kai. Wancan da muka baro, wallahi har mataccen kifi suka kawo mata a kwando. Ɗazu a mota take cewa naku ya fi duka lafiya, ba ya bukata."

Na ajiye shayin ban ƙarasa ba. Na tashi na sami Yaya yana duba fentin kwalekwalensa.

"Ai na sani," ya ce yana washe baki. "Tafinta ya gaya mini. Ta ce namu ya fi ko'ina. Ka ga amfanin fenti."

"Yaya, ba yabo ba ne. Injin ne za a kai wani wuri."

Ya ajiye burushi. "To so kake mu yi me? Mu shimfiɗa mata tsummanmu kamar mabarata? In ta koma ta rubuta cewa tafkin nan ya mutu, wane baƙo ne zai sake zuwa? Goma sha ɗayan da suka rage ma sai mu faskara su mu yi girki. Tunda ka shiga ajin manya ka koyi riƙe fensir kake ganin ka fi kowa."

Tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Wana ne kuma, ban taɓa yi masa musu a gaban mutane ba.

Da safe maiɗakina ta ga na sauko da tsohuwar gora daga saman rumfa. Gorar tuƙi ce ta mahaifinmu, ta yi tsufan da ba a tura kwalekwale da ita.

"Malam ɗan makaranta, ina za a da allon?" Haka take kiranta, allo.

Na gaya mata komai. Ta ci gaba da wanke kofuna kamar ba ta ji ba, can ta ce, "Shekara talatin kana sauraron mutane har kunnenka ya yi kanta. In bakin ya ƙi buɗuwa yau ma, to ai ba da baki ake juya kwalekwale ba."

Mu huɗu ne a ciki: Yaya a gaba, Mai Kwalabe, Tafinta yana riƙe da gefen kwalekwale da hannu biyu, sai ni. Motarsu za ta tashi da azahar. Da muka kai mararraba na dafa filafili na karkata hagu.

"Dama," in ji Yaya, bai ko waiwayo ba.

Na ci gaba.

"Kai! Dama na ce! Na-Shiru, shirun ne ya zama kurumta?"

"Me yake cewa?" Tafinta ya maimaita tambayar matar, sannan ya amsa mata da kansa da wata gajeriyar magana. Na tabbata ce mata ya yi muna yabon yanayi.

Ba mu yi nisa ba ruwan ya koma ruwan ƙasa, warin taɓo ya taso. Cikin kwalekwale ya gurji yashi, muka tsaya cik. A gabanmu ga gawar kwalekwale bakwai kife a busasshiyar laka, ga tsibirin da karnuka biyu kwance a kai, ga ginshiƙin tsohuwar gadar da baƙi ke sauka a da, yana tsaye shi kaɗai a kan ƙasa mai tsattsagewa. Yaya ya rufe fuska da hula.

Na ɗauki gora na sauka. Ban ce ta biyo ni ba, amma na ji tafiyarta a bayana. Taɓo ya cire mata takalmi ɗaya, ta dube shi, ta cire ɗayan ta jefa cikin kwalekwale.

A gindin ginshiƙin akwai wani zoben ƙarfe. Shekara ashirin da uku, duk ranar da damina ta ɗauke, nakan zo in kafa gorar a kan zoben nan, in tsaga da wuƙa daidai inda jiƙar ruwa ta tsaya. Ba wanda ya sa ni, kuma in ban da maiɗakina ba wanda ya sani. Na kafa gorar. Na ɗora yatsa a tsaga ta farko, wadda ta kai kafaɗata. Na sauko, tsaga bayan tsaga, ƙirji, ƙugu, gwiwa, idon sawu. A can ƙasa sifiri uku ne da na ƙona da ƙusa mai zafi, na shekarun da ruwan bai iso zoben ba sam.

Ba ta nemi Tafinta ba. Ta durƙusa a cikin laka ta ciro ma'auni. Daga tsakiyar gorar zuwa ƙasa, kowace tsaga da shekararta a gefe, da lambobina masu karkata. Tana karantawa a harshenta, ina gyaɗa kai a nawa. Sai ta taɓa tsagogin sama da ba su da lamba, ta dube ni.

Tafinta ya iso yana ɗage wando. "Ta ce me ya sa waɗannan ba su da shekara?"

"Lokacin ban iya rubutu ba," na ce. "Daga nan na shiga aji. Amma ba wadda na tsallake, ta ƙirga baya."

Ta ƙirga. Ta yi rubutu shafi biyu cur. Sannan ta ciro wayarta, ta nufi Yaya da ya sauko yana tsaye nesa da mu, fuskarsa a murtuke. Ta nuna masa hoton wani dattijo da igiya a kafaɗa, yana tsaye a kan ƙanƙara fara fat da ta rufe dutse. Ta ja yatsa, wani hoton ya fito: dutsen nan dai, baƙi ƙirin, ko ɗigon fari babu.

"Mahaifinta ne," in ji Tafinta, muryarsa ta sauka. "Aikinsa kai baƙi su ga ƙanƙara. Ta ce da ta fara narkewa, sai ya riƙa zagayawa da su ta gefen da ta rage. Har ya daina aiki bai gaya wa baƙo ko ɗaya ba."

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. "Allah sarki," ya ce. "Ashe namu ne."

"Ta ce don me ba ku gaya mata ba tun ranar farko? Sau huɗu ta tambaya."

"Baƙuwa ce," in ji Yaya. "Ba a tarbar baƙo da kuka."

"Ta ce a wurinsu, in ka tambayi mutum ya ce lafiya, to lafiyar ce, sake tambayarsa ma raini ne. Ta ce to in likita ya tambaye ku fa?"

"Lafiya lau muke fara ce masa!" in ji Yaya.

Tafinta ya fassara. Matar ta fashe da dariya har ta dafa ginshiƙi, Yaya ma ya kasa riƙe tasa. Daga nan fa bakinsa ya buɗe. Ya karɓe ta daga hannuna, ya kai ta bakin mashigin, ya nuna mata tudun yashi, ya lissafa mata kifin da suka ɓace da sunayensu, da iyalan da suka tashi, da shekarar da ya binne ƙwan tsuntsu ɗari da karnuka suka fasa. Tafinta ya kwance lakatayarsa ya cusa a aljihu. Motar da za ta tashi da azahar ba ta tashi ba sai washegari.

Kafin ta tafi ta roƙi in ba ta gorar ta kai wa hukumarsu. Na ce a'a, akwai sauran wuri a jikinta. Ta ɗauke ta hoto ta kowane gefe. Da za ta shiga mota sai ta tsaya gaban Yaya, ta haɗa kalmomin da direba ya koya mata, ta ce, "Ya iyali? Ya aiki? Ya gajiya?" Yaya ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba.

Bayan wata biyar injin ya iso a kan wata doguwar mota, garin kaf ya fito kallo. Ya yi wata biyu yana haƙa yana tofar da yashi. Ranar da aka fasa shingen ƙarshe, ruwan kogi ya shigo a hankali, ja, yana tura ciyayi a gabansa. Mata suka rangaɗa guɗa. Yaya yana tsaye a kan tudun yashi yana gaya wa wani ɗan jarida cewa tun farko shi ya tsara a bi da matar ta hagu. Ya hango ni, ya ɗan yi tari.

"Ni da ƙanena," ya ce.

Damina ba ta gyara halinta ba, yashin kuma zai sake taruwa, an gaya mana. Amma tsibirin ya koma tsibiri, karnuka sai haushi daga gaɓa. Kwalekwale sha shida ne yanzu a tasha. Baƙo in ya zo muna kai shi dama ya ga tsuntsaye, mu dawo da shi ta hagu ya ga ginshiƙi, kuma abin mamaki a hagun suka fi daɗewa.

Ranar da daminar bana ta ɗauke, na tafi da gora, maiɗakina ta ce sai ta raka ni. Na laluba da ƙafa na sami zoben a ƙarƙashin ruwa, na kafa, na ɗago. Jiƙa ta wuce sifiri ukun nan, ta hau har ƙwauri.

"To, Malam," in ji ta, tana miƙo mini wuƙa, "rubuta da kyau, kada lambar ta karkace."