Bare a Cikin Wili Huɗu

Tun tana ƙarama 'yan gidansu suka laƙaba mata Me-ya-sa, don ba a faɗa mata magana ta tsaya nan. Ta girma, ta yi aure, ta buɗe shagon ɗinki, amma sunan bai sake ta ba, halin ma haka. Tana da wata 'yar mota ruwan toka da ta kwana biyu a duniya, da ita take kai yara makaranta, da ita take ɗauko yadi daga kasuwa.

Wata Asabar ƙanenta Auta ya karɓi makullin motar, wai zai kai ta wanki. Da ya dawo sai ga motar a kan wili huɗu na alminiyam, masu ƙafafu kamar tauraro, suna ɗaukar ido. Tsofaffin na ƙarfe ya jibge su a but.

"Yaya, kin ga yadda ta koma budurwa?"

"A ina ka samo su?"

"Wajen mai gwanjon kayan mota. Kyauta na ba ki, don Allah kar ki fara."

Ta yi godiya, ta haɗiye sauran tambayoyin.

Ƙarar ta fara ne ranar da ta ɗauki Goggo, ƙanwar mahaifinsu, za ta kai ta asibiti a duba mata gwiwa. Goggo mace ce mai jiki, tubarkalla, kuma ba ta da wurin zama sai kujerar baya ta hagu. Suna hawa tudun rage gudu na bakin layi sai aka ji shuuu, kamar ana jan tabarma a siminti. Suka sauka, abin ya yi shiru. Suka faɗa wani ɗan rami, ya sake. Washegari Me-ya-sa ta yini tana yawo ita kaɗai, ko tari motar ba ta yi ba. Da Goggo ta sake shiga, sai ga ƙarar ta dawo.

Yara ba su iya riƙe baki ba. Ƙaramar ta ce, "Umma, motar tana gaishe da Goggo ne." Babban ya ce ba gaisuwa ba ce, nishi ne.

Goggo ta ɗaure fuska. "Shekara nawa ina shiga akwalar nan ba ta taɓa yi min tsaki ba? Sai yanzu da aka sa mata takalmin gayu?"

Kowa ya yi dariya, ban da Me-ya-sa. Maganar ta tsaya mata a rai. Ita ke ɗinka wa Goggo kaya, ta san awonta kamar yunwar cikinta, kuma tef bai nuna an ƙaru ko da ɗan yatsa ba. To in Goggo ba ta canja ba, wa ya canja?

Da la'asar ta lallaɓa ta. "Goggo, zo ki zauna min a dama, mu zaga layi."

"Ni kika mayar buhun gwaji?"

Amma ta shiga. A dama, suka hau tudun, shiru. Ta koma hagu, shuuu. Goggo da kanta ta ce a sake, ta karkata kai tana saurare kamar mai jin gulmar maƙwabta. Daga nan Me-ya-sa ta sauke ta, ta loda bandir-bandir na yadi a kujerar hagu har ya kai taga. Ƙarar ta fito ras.

"Kun ji ko?" in ji Goggo daga bakin ƙofa. "A gaya wa marasa kunyar nan, yadi ma nishi take yi masa."

An wanke Goggo, amma tambayar tana nan. Me-ya-sa ta shimfiɗa tsohon zani a ƙasa, ta kwanta, ta zura hannu bayan tayoyin baya, ta goga musu allin ɗinki ta ciki, inda ido ba ya gani. Ta zaga layi da yadin, ta dawo ta haska da fitilar waya. Ta dama allinta na nan fari fat. Ta hagu kuwa an share mata zobe guda, tas, kamar an bi da tsumma.

Da safe ta nufi garejin bakaniken da ke duba mata mota, wanda ake kira Sannu-Sannu saboda ba ya gaggawa ko da gobara ta kama. Ya saurare ta har ƙarshe, ya leƙa allin, ya gyaɗa kai.

"Hajiya, kin rage min rabin aiki. Bari mu ga sauran."

Ya ɗaga motar da jak, ya kwance wilin hagu. Can cikin madigadi ga wani wuri ya goge yana sheƙi. Ya kwance na dama, ya kifa su biyun a ƙasa, fuska a ƙasa. Ta gaba kamar tagwaye suke. Ta baya ma ita ba ta ga bambanci ba, sai da ya goge datti da babban yatsa, ya nuna mata wasu ƙananan lambobi da aka zuba tare da ƙarfen. Na dama talatin da takwas. Na hagu hamsin da biyu.

"Lambar me ce?"

Ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfe ya gitta a bakin wilin. "Kina da tef? Auna daga ƙarfen nan zuwa wancan faifan na tsakiya, inda wili ke manne da mota."

Ta ciro tef daga jaka ta auna. Ta koma ɗayan. Na hagu ya fi zurfi da kamar faɗin ɗan yatsa.

"To shi ke nan," in ji shi. "Wanda ya fi zurfi ya fi shigewa cikin mota. Wanda bai kai ba ya fi leƙowa waje. In babu kaya, akwai 'yar tazara. Da an danna ta, taya sai ta taɓo jiki."

Suka duba na gaba, duka talatin da takwas. Guda ɗaya ne bare.

"Ba yadda za a turo shi waje?"

"Akwai." Ya shiga ciki ya fito da wani faifan ƙarfe mai huji-huji. "Sifesa muke ce masa. A bayan wili ake sa shi." Ya zura shi a kan kusoshin, ya ɗora wilin, ya ce ta duba. Kusoshin da a da suke leƙowa da tsawo, yanzu kawunansu kawai ake gani. Ya ɗaura noti, ya murza kaɗan, ya ƙare.

"Kin gani? Da bakin haƙori ya kama."

Ta gane nan take. Ɗinki ne a bakin yadi ba a bar rara ba, ranar da aka yi atishawa ranar zai farke.

"Ana yi," ya ce, "in an canja kusoshi masu tsawo, an samo faifan da ya zauna daidai a cibiya. Ba haramun ba ne. Amma ni da za ki bi tawa, a nemo ɗan'uwansu."

Ta tsaya tana kallon baren. "Ai huɗu-huɗu ake yin su, ko? In wannan ya shigo cikin namu, ke nan namu yana cikin na wani."

Sannu-Sannu ya yi dariya har ya ajiye sifana. "Wallahi ban kai nan ba."

Ya mayar mata da tsohon na ƙarfe na wucin gadi. Ta ɗauki Auta, wanda tun a waya yake rantsuwa ba shi da laifi, suka tafi wajen mai gwanjo. Shagon wani dogon lungu ne, wili a jere har rufi, fitilun mota na rataye kamar kifi a kasuwa. Mai gwanjo ya juya wilin, ya karanta lambar, ya dafe kai. Ya ce saiti biyu ne masu fuska ɗaya suka zo masa a lodi guda, shi kuwa fuska ya duba ya haɗa. Ɗaya saitin wani mai koyar da tuƙi ne ya ɗauka, mai jar mota, yana yini a filin bayan makarantar sakandare.

Auta ya ce, "Yaya, a bar shi ya nemo mana mana."

"Ka zauna in ka gaji. Ni sai na ga motar nan da idona."

Suka tarar da jar motar tana rarrafe tsakanin jarkokin da aka jera a fili. Wani dattijo mai furfura ne a sitiyari, ya riƙe shi kamar za a ƙwace, malamin tuƙin na gefensa. Da suka tsaya, Me-ya-sa ta yi sallama, ta nemi izini, ta tsuguna a bayan motar ta kanne ido ɗaya tana bin gefenta da kallo, yadda take duba ko kalmasa ta miƙe. Hagu lafiya. A dama, tayar gaba ta ɗan leƙo daga madigadi, kuma ƙofar da ke bayanta ta sha feshin laka, alhali sauran ƙofofin fes suke.

"Malam, ƙofar nan kullum haka take ɓaci?"

Malamin tuƙi ya zaro ido. "Ke kuma wa ya gaya miki? Har mai wanki na canja a kan ƙofar nan!"

Ta buɗe but ta nuna masa wilin, ta yi masa bayani kamar yadda aka yi mata, har da awon tef. Ya zaga tasa motar, ya zaga tata, ya tsuguna shi ma ya kanne ido. Sai dattijon ya fito daga mota yana gyara hula.

"Alhamdu lillahi! Ban gaya maka ba? Duk jarkar da na take, da wannan tayar na take ta. Ashe motar ce ba daidai ba."

"Baba, faɗin yatsa ɗaya ne fa. Jiya bishiya ka nufa."

"Yatsa ɗaya a wajenka. Ni da ke ciki na san abin da nake ji."

Gaba ɗaya suka ɗunguma garejin Sannu-Sannu. Aka kwance na jar motar, aka kifa, aka goge: talatin da takwas. Malamin tuƙi ya riƙe baki. Mai facin da ke maƙwabtaka ya sauya tayoyin, kowane wili ya koma cikin danginsa. Sannu-Sannu ya ɗaure notocin, ya sa Auta da malamin tuƙi da mai faci suka cushe a kujerar baya, Me-ya-sa ta hau da su tudun bakin gareji ta sauko. Ba abin da aka ji sai mai faci da ke cewa an danne masa ƙafa.

Da za a watse, dattijon ya miƙa hannu a ba shi makullin jar motar. Ya ce yanzu da aka gyara ta, kowa zai ga tuƙi. Malamin ya ba shi, ya shiga gefe yana addu'a ƙasa-ƙasa. Dattijo ya tayar, ya gyara madubi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ja a hankali. Ƙofar garejin ta isa babbar mota ta wuce a sake, amma sai da ya bi ta kan bokitin mai faci da tayar hagu.

Ya leƙo ta taga ya dubi bokitin, ya dubi Sannu-Sannu.

"Ɗana, a duba na hagun ma."