Tubalin Ruwan Alwala

Matata Rahmatu na da kwana uku da barin gida na fara jin kukan. Ba na mujiya ba ne, ba na kura ba. Wani gunji ne siriri da ke tashi ya kwanta, kamar mutum na hura bakin kwalba. Na karanta abin da na iya, na ja bargo. Da gari ya waye na bi shi har madafa, na tarar ba aljani ba ne. Wuyan tsohon tulu ne da aka gina cikin bango don hayaƙi ya riƙa fita. Shekara talatin jinka na kare shi, yanzu babu jinka iskar gabas ta sami abin busa. Na toshe shi da tsumma. Gidan ya yi shirun da ya fi kukan muni, sai na cire tsumman.

Ni na yaye jinkar da hannuna. Shekara ta biyu ke nan ta fari a Kamarawa, ciyawa ta ƙare, jakina ya kwanta ba ya iya ɗaga kai. Rahmatu na layin rijiya na hau bango, na sauke rufin madafarta, baƙi ƙirin da hayaƙi, na kakkaɓe na zuba masa. Ya ci. Bayan kwana huɗu ya mutu.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta tsaya tsakiyar ɗakin ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Malam, da ka tambaye ni, da ni za ni hau in sauke ma."

Washegari ta ɗaure kayanta, ta ce za ta garin Isa wurin ƙanenta Halliru. A bakin zaure ta juyo.

"Ran da ka rufe min ɗakina, ka aiko."

To da me za ni rufe? Ko ƙwayar ciyawa babu a ƙasar. Sai dai rufin soro, azara da ƙasa, azarar kuwa ina da ita a tsohon ɗakin mahaifina. Amma bangon madafar ya tsage, ba ya ɗaukar nauyi. Na sa gatari na rushe shi har ƙasa. Tubalan da suka fito lafiya na jera gefe, waɗanda suka fashe na dake su don in sake kwaɓawa.

Nan ruwa ya tsaya min. Rijiyar gari tulu ɗaya take ba mutum ɗaya a yini, shi ma rabinsa laka. Na yi kwana biyu ina tunani, sai dabara ta zo min ina alwalar azahar, ina kallon ruwan da ke zuba daga gwiwar hannuna ƙasa na shanyewa. Na ɗauko ƙwarya na tara. Ruwan alwala ɗaya na kwaɓa tubali ɗaya cif. Biyar a yini. Ruwan wankan Juma'a shi ke zama lakar jera su. Ciyawar da ake haɗawa da ƙasa kuwa, busasshen kashin jakina na murje a madadinta. Wannan abu ya daɗe yana ba ni mamaki: jinkar ta bi ta cikin jaki ta dawo ta shiga bango.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙamshi. Tsohuwar ƙasar nan ta sha hayaƙin shekara talatin. Da zarar ruwa ya taɓa ta, sai ƙamshin daddawa da man shanu da ƙanzon tuwo ya taso. Nakan tsuguna da laka a hannu in rufe ido, in ji kamar tana bayana tana tuƙi, tana ce min in matsa na tare mata haske.

Girkina kuwa a tsakar gida nake yi, bisa duwatsu uku, iska na zuba min rairayi cikin jar dawar agaji. Na tauna ƙasa har haƙorana sun saba. Maƙwabcina Wakili, wanda muka yi kaciya tare, yakan leƙo ta saman katanga.

"Iro, amarya, mi aka dafa muna yau?"

"Naman ubanka."

"To a sa gishiri. Ni dai na ga sallarka ta ƙaru. Jiya na ƙirga alwala takwas."

"Nafila nike yi."

"Nafilar tubali! Mala'iku sun ruɗe, ba su san ko lada za su rubuta ba ko gini."

Uwa, matar Wakili, ita ke zuwa kasuwar Isa, ita nake ba saƙo. Na ce ta gaya wa Rahmatu bango ya kai gwiwa. Ta dawo tana dariya.

"Ta ce in tambaye ka, gwiwar wa? Taka ko ta akuya?"

Da ya kai ƙugu na sake aikawa. Wannan karon babu magana, sai curin daddawa ɗaya naɗe cikin takarda. Ban sa shi a miya ba. Na ajiye shi cikin aljihun rigata ta Juma'a.

Bango ya kai ƙirji lokacin da watan shuka ya kama. Liman ya ce a fita roƙon ruwa. Muka fita bayan gari, manya da yara, riguna a juye, har da 'yan awakin da suka rage. Liman na addu'a yana kuka, jama'a na amin. Ni ma na ce amin, amma cikin zuciyata na ƙara da cewa, ya Ubangiji, bayan kwana goma sha biyu. Ɗanyen bango marar rufi ba ya jure ruwan farko, kuma kwana goma sha biyu nake bukata in ɗora azara.

Abin ya hana ni sukuni, har na gaya wa Wakili muna hanyar komawa. Na zaci zai yi dariya. Ya tsaya cak.

"Mushen shanuna bakwai na ja zuwa bayan gari, Iro. Jikata ba ta iya tsayuwa. Kai kuma kana gaya wa Allah ya dakata?"

"Kwana sha biyu kawai na ce."

"Wa ya ba ka su?"

Ya wuce ya bar ni. Kwana biyar bai leƙo katanga ba, ni kuma kwana biyar ina istigfari ina kwaɓa ƙasa. Ban iya barin ko ɗaya ba.

Rana ta shida, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi. Mata suka fara guɗa, yara suka fito tsirara. Ni na ruga na kwaso tabarmi biyu, da buzun salla, da bargo, na shimfiɗa bisa bangon, na danne da duwatsun murhu. Da suka kasa na tuɓe rigata na ƙara. Iska ta ɗauke tabarmin kamar ganye. Ruwa ya sauko irin wanda muka manta da shi, na tsaya cikinsa ina kallon aikin wata huɗu na narkewa yana bin ƙafafuna. Bangon gabas ya zauna gaba ɗaya. Kuma wallahi bakina a buɗe yake ina shan ruwan, ina kuka, ban san na wanne ba.

Da safe gari ya watse gona. Ta ko'ina sai ƙarar sungumi. Ni ina tsakar gida ina tattara laka da hannu, ga ruwa yanzu har ya yi yawa, sai na ji sallama a zaure.

Rahmatu ce. Ta rame. Zanenta ya jiƙe da laka har ƙwauri, da asuba ta taso a ƙasa. Ƙunshin da ke kanta ƙarami ne, ban iya gane ko na kwana ɗaya ne ko na zama ba.

"Ban aika ba," na ce. "Ban rufe ba."

"Na gani."

Ba ta sauke ƙunshin ba. Ta zagaya abin da ya rage na ginin, ta sa yatsa ta latsa bangon yamma, ta shinshina yatsan.

"Ka matsar da ƙofar."

"Don hayaƙi ya daina shigar miki ido."

"Wa ya ce ma yana shiga?"

"Shekara talatin ina ganin kina sharar hawaye."

Ta dube ni, ta dubi rigata da ke manne cikin laka bisa bango. Sai ga kan Wakili ta saman katanga, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Ya dube ni, karon farko cikin kwana shida, sannan ya dube ta.

"A'a, Rahmatu, sannu da hanya. Dawowa ce wagga, ko ziyara?"