Agogon Jatau a Hannun Labbo Maƙeri

Shekarar da annobar murar nan da ake kira marisuwa ta ratsa Tsafe, gidan Labbo maƙeri ya zama kango da mutum ɗaya a ciki. Ta ɗauke matarsa Shafa'atu, ta ɗauke 'yarsu, sannan ta haɗa da wansa Sule, wanda tun suna yara suke zama maƙera ɗaya suna ƙera zobba da awarwaro na azurfa. Labbo ya kwanta shi ma, amma ya tashi. Da ya warke ya yi ƙoƙarin komawa aiki, sai ya ga ba ya iya jure kallon buzun da Sule yake zama a kai yana zuga wuta. Ya bar maƙerar ta yi sanyi. Inna Yelwa, ƙanwar mahaifiyarsa da ke maƙwabtaka da shi, ita ke kawo masa tuwo. Wani lokaci ta dawo ɗaukar akushi ta tarar bai ko buɗe ba.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa a farkon damina, wani dogon mutum ya yi sallama a zaurensa. Sunansa Jatau, tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Turawa, yanzu yana aikin masinja wurin masu sayen auduga a Gusau.

"An ce mini kai ne mai aikin azurfa," in ji Jatau.

"Da dai ni ne. Yanzu na bari."

Jatau bai kula ba. Ya sa hannu aljihu ya fito da wani abu kewayayye mai sarƙa, ya ajiye kan tabarma. Agogon aljihu ne, murfinsa ya ɓalle daga maɗaurinsa.

"Murfin kawai za ka liƙe mini, Malam Labbo. Agogon kansa ya mutu tun da na faɗa gulbi da shi a mashigin Bunguɗu. Ina rataya shi ne don ado. Sai kaka zan sake biyowa ta nan."

Kafin Labbo ya sami bakin ƙi, mutumin ya yi masa sallama ya fita.

Agogon ya yi kwanaki cikin ƙoƙo bai taɓa shi ba. Wata safiya, don rashin abin yi, ya ɗauko shi ya fito hasken tsakar gida. Gyaran murfi ba wani aiki ba ne a wurinsa. Amma yana juya shi sai farcensa ya shiga wata siririyar tsaga a bayansa, sai bayan agogon ya buɗe.

Labbo ya daɗe bai motsa ba. Ya yi shekaru yana narka ƙarfe, yana ganin ya san iyakar abin da hannun ɗan'adam zai iya. Ga shi yau yana kallon ƙafafun tagulla masu haƙora, wata bisa wata, kowane haƙori ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, kuma babu wanda ya fi ɗan'uwansa tsawo. Ga wasu jajayen duwatsu 'yan mitsi-mitsi da aka dasa a inda ƙafafun suke juyawa. Ga wata waya da aka nannaɗe, siririya kamar gashin jariri. Tsatsa ta ci wasu wurare, laka ta bushe a tsakanin haƙoran.

A ranar ya hura wuta a maƙera. Babu ko ɗaya cikin kayan aikinsa da zai shiga cikin agogon, dole sai ya ƙera sababbi. Ya daddale bakin allura ya mai da ita abin kwance ƙusoshi. Ya ƙera hantsaki mai bakin tsinke, ya lalata, ya sake. Da kansa ya yi zuga, da kansa ya yi duka, bai dubi gefen buzun Sule ba.

Ya riƙa cire ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana jera su kan farin ƙyalle yadda ya same su, don kada ya manta mazaunin kowace. Ya goge tsatsa da toka mai laushi da gashin zabo. Rannan wata ƙusa ta kuɓuce daga hantsaki ta faɗa cikin rairayin tsakar gida. Yini guda ya yi a durƙushe yana tankaɗe ƙasa da rariya. Inna Yelwa ta shigo da akushi ta tsaya tana kallonsa.

"Labbo, mi kake nema haka?"

"Ƙusa, Inna."

Da ya same ta ya nuna mata a tafin hannunsa. Ta matso da ido, ta ce ita ba ta ga komai ba. Ta fita tana roƙa masa sauƙi a wurin Allah, don ta ɗauka baƙin ciki ne ya fara taɓa masa hankali.

Abin da ya fi riƙe shi shi ne tunanin wanda ya yi agogon. A ƙarƙashin wani faranti, inda ido ba zai taɓa kaiwa ba, ya tarar an goge ƙarfen sumul, har da 'yan zane-zane kamar sawun ruwa a kan yashi. Babu mai saye da zai gani, amma mutumin ya yi. Labbo ya duba yadda sawun magagari, abin gugar ƙarfe, ya karkata, ya ce a ransa wannan bahago ne. Sai ya shiga ƙiyasta shi, wani tsoho a wata ƙasa mai nisa, sunkuye bakin taga, shi ma wataƙila ba mai yawan magana ba. Wani lokaci in abu ya cije masa sai ya ji kansa yana cewa, "To, malam, nan kuma mi ka nufa?" Tun rasuwar Sule bai yi wa kowa maganar aiki ba sai wannan baƙon da bai san sunansa ba.

Sau da yawa ya mayar da kayan, agogo ya ƙi motsi. Man gyaɗa da ya ɗiga masa ya yi kauri, ya wanke ya sake da ɗigon man riɗi da ya tace. Gero ya yi kai a gonaki kafin wani hantsi, bayan ya murza kan agogon, ƙafar nan mai siririyar waya ta yi rawa, ta tsaya, ta sake ɗauka. Ya kara a kunne. Ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, ba gaggawa. Ya zauna a wurin har inuwa ta bar shi, rana ta dake shi, bai sani ba.

Bai iya karanta lambobin fuskarsa ba, bai kuma damu ba. Ladan ya ishe shi sanin lokaci. Abin da ya sani shi ne in bai murza shi da safe ba zai tsaya. Saboda haka ya riƙa tashi da wuri. Yakan ajiye shi gefen uwar maƙera yana aiki, don ya koma karɓar zobban mutane. Inna Yelwa ta saurara sau ɗaya, ta ce lallai akwai ƙwaro a ciki, amma ta lura akushinta ya fara dawowa wayam.

Da kaka Jatau ya dawo. Labbo ya miƙa masa agogon. Jatau ya duba murfin ya yaba, har zai sa a aljihu sai ya tsaya, ya kai kunne.

"Kai ka tashe shi?"

"Laka ce da tsatsa. Wanda ya ƙera shi ya riga ya gama aikin, ni shara na yi."

Jatau ya zauna sosai. Ya ce a Gusau akwai akawuna da 'yan kasuwa masu matattun agogai a akwati, sai an sami mai zuwa Zariya ake aikawa. Ya ce Labbo ya zo. Labbo ya ce shi ba ya iya barin gida. Ya raka baƙonsa har bakin hanya, ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana bayan dutse.

Da ya koma, shirun gidan ya fi na da nauyi. Washegari ya farka da wuri kamar kullum, ya kai hannu inda yake ajiye agogon, ya tarar da tabarma kawai. Ya daure har aka gama sussuka. Sannan ya naɗe ƙananan kayan aikinsa cikin fata, ya bar wa Inna Yelwa hatsin rumbunsa da awakinsa, ya bi ayarin masu jakuna zuwa Gusau.

A can ya sami gindin wata tsamiya kusa da inda ake awon auduga, ya shimfiɗa farin ƙyallensa. Wasu agogan ya tashe su, wasu suka gagare shi, ya mayar wa masu su ya faɗa musu gaskiya. Bai sake aure ba, bai kuma taɓa mallakar agogo nasa na kansa ba. Mutanen Gusau sun san shi da kyawun aiki da kuma jinkiri. Ko ya gama gyara, in mai shi ya zo karɓa, Labbo yakan kara agogon a kunne, sannan ya ce, "Bar mini shi zuwa jibi, ban gama sauraronsa ba."