Siririn Bututu

A 1972, da suka koma unguwar Bani Malik, Malam Na'ibi ya sa aka haɗa musu sakhan, na'urar dumama ruwan wanka, saboda sanyin ƙashi. Mai haɗin bai san aikin ba. Siririn bututu ɗaya ya ja daga tukunyar gas zuwa murhu da sakhan, don haka in matarsa Dela ta ɗora girki, sai wutar sakhan ta mutu.

Kullum da safe Malam yakan tsaya a ƙofar bayi ya ce, "Dela, a taimaka a kashe murhu." Takan kashe tana mita, shayinta na hucewa.

Bayan arba'in ɗin rasuwarsa, ɗansu Othman ya kawo gwani. Mutumin ya dubi bututun, ya ce ba ya ɗaukar wuta biyu, ya sauya shi da mai kauri.

"Halas, shi ke nan, Inna," in ji Othman. "Yanzu ba mai katse miki girki."

Washegari ta ɗora shayi, Othman ya shiga wanka. Ruwa na zuba, murhu na ci, ba wanda ya kira sunanta. Ta miƙa hannu ta kashe murhun, ta zauna tana saurare.