Wa Zai Tsefe wa Mai Kitso?

Duk bayanin da nas ɗin ta yi mini ban ji ko ɗar ba. Kada in ci komai daga dare, to. In cire zobe da 'yan kunne, to. Sai da ta ɗaga gefen ɗankwalina da bakin biro, ta leƙa, ta ce, "Mama, wannan kitson fa sai an tsefe shi."

Na ce, "Kafaɗa za a yanka ko kai?"

Ba ta yi dariya ba. Yarinya ce mai kirki, amma ta gaji. Ta ce yankan kusa da wuya yake, dole a wanke gashin tas da wani sabulu da ta ajiye mini a kan durowa, ba mai, ba ƙarfe ko ɗaya a jiki. Likitan allurar barci zai zagayo da yamma ya duba waɗanda za a shiga da su gobe. In ya tarar ban shirya ba, zai cire ni ya sa wata.

"An gaya miki ai, ranar da kika zo gwajin jini."

Ƙila an faɗa. Ni ranar kunnena na kan maganar wuƙa.

"Ina mai jinyarki?"

"Tana hanya," na ce. Ta gyaɗa kai ta wuce gado na gaba.

Abin dariyar shi ne, ni mai kitso ce. Tun ina budurwa nake sana'ar nan, a wani ɗan shago a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi biyu, da fanka mai kuka kamar ana shaƙe ta. Kitson ne ya cinye mini kafaɗar dama. Likita ya nuna mini hoton, ya ce jijiya ce ta yage, in ba a ɗinke ba hannun ba zai ƙara wuce ƙirjina ba. Watanni na yi ina jiran layi ya zo kaina. In aka cire ni, sai in koma baya in sake jira, hannu na ƙara ƙagewa, ni kuma ban iya wata sana'a ba.

Kitson da ke kaina ni na yi abina, kamar kullum, madubi a gaba, madubi a baya. Ban yarda da hannun kowa ba. Wannan ta cika ja, waccan tsagarta a karkace, ni dai a bar ni. Na yi shi ne gab da hannun ya ƙi gaba ɗaya, ranar babu kasuwa, sai na zauna na zuba ƙanana siri-siri, na matse bakin kowane da ɗan ƙarfe mai ƙyalli. Talla ce. Matan da ke shigowa kaina suke fara kallo kafin su zauna. Daga baya ya tsufa, ya yi gizo, na rufe shi da ɗankwali na ce sai bayan aiki.

Na ɗauki kibiyata, wato tsinken da muke tsaga da tsifa da shi, na shiga banɗaki. Madubin can ƙarami ne, an kafa shi don dogayen mutane. Na yi ɗage, na kama da hagu. Kai, hannun hagu baƙo ne! Ka ce masa gabas ya yi yamma. Da kyar na cire layi biyu na gaban goshi, ina tura kibiya ina ja da farce. Da na miƙa wajen kunne sai kibiyar ta suɓuce ta faɗa cikin abin wanke hannu. Na manta, na kai dama zan cafke. Wani zafi ya taso daga kafaɗa har cikin haƙorina, sai da na dafa bango na kira sunan Allah. Ina tsaye ina haki, wata ta buga ƙofa, ta ce ko na mutu ne a ciki.

Na dawo na zauna a bakin gado da waya a hannu.

Ƙanena ne ya kawo ni da safe. Direban babbar mota ne, lodi ba ya jira. Ya ajiye mini jaka a ƙofa, ya ce, "Yaya, kafin a fito da ke gobe ina nan, in Allah ya yarda." Yanzu ya yi nisa, kuma ko yana nan me zai yi da waɗannan yatsun nasa masu kama da sifana? 'Yata tana aure a wani gari mai nisa, ga ɗanyen jego. Na ce mata 'yar allura ce za a yi mini a kafaɗa, ta kwantar da hankalinta. Babanta ya daɗe da rasuwa.

Sauran lambobin duk na masu zuwa kitso ne. Na yi ta tura su sama da babban yatsa. Kowace na san ƙeyarta. Na san mai amosani, na san wadda gashinta ya zube bayan haihuwa, na san wadda ke ɓoye furfura ga mijinta. Mace in ta sunkuyar da kai a gabanka bakinta buɗewa yake, na sha jin abin da ko uwarsu ba ta sani ba. Amma ban taɓa zama a ɗakin ko ɗaya ba. Kuma duk na ce musu tafiya zan yi, don in suka ji mai kitso hannunta ya lalace, tsallaka titi za su yi wajen 'yan matan nan masu sabon shago, ba kuwa za su dawo ba.

Na daure na kira matar mai kemis, wadda ta fi kowa daɗewa a hannuna.

"Anti! Wallahi kamar kin san ina nemanki. Kaina ya zama abin tausayi. Kin dawo ne?"

"A'a, tukuna."

"To don Allah ki yi sauri. Ni fa ba mai taɓa mini kai sai ke. Lafiya dai kika kira?"

Ga maganar nan a bakina. Asibitin ba nisa da gidanta, na kuma tabbata da na faɗa za ta zo. Sai na ji kaina ina cewa, "Lafiya ƙalau, gaisuwa ce kawai. A gaida yara." Na kashe na kifa wayar a kan katifa. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba.

Lokacin ziyara ya yi, ɗakin ya cika. Gadon da ke kusa da nawa wata tsohuwa ce, an naɗe mata ƙafa da bandeji har ƙauri. 'Ya'yanta mata suka zo su uku, da kuloli da filas da surutu. Wannan tana gyara matashin kai, waccan tana ɓare mata lemo, ta ukun tana mata faɗa a kan sukari, ita kuma tana ce musu su tafi su ba ta wuri, sun ishe ta. Ɗaya ta juyo ta ce mini, "Sannu, ya jiki? Bismillah mana." Na ce na ƙoshi, na gode. Hannaye shida ga su nan, rabin awa ta ishe su. Na buɗe jakata na yi kamar ina neman wani abu har aka kaɗa ƙararrawa suka watse.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar keken magani a baranda. Rana ta sauko daga taga ta kwanta a kan bargona. Na cire ɗankwali, na juya wa ɗakin baya, na sake gwadawa da hagu. A raina har na fara tunanin in roƙi almakashi in datse kowane daga tushe. Mai kitso da kai kamar gonar da awaki suka shiga.

"Ke, 'yar nan."

Na waiga. Tsohuwar ce, ta tashi zaune ta sauko da ƙafafunta.

"Tun ɗazu nake kallonki kina kokawa da kanki. Mai jinyar taki da ke hanya, a ƙasa take tahowa?"

Na ce, "Inna, ba komai, na kusa gamawa."

"Kin kusa gamawa. Zo nan ki zauna, kada ki sa in taso da wannan ƙafar."

Na ninka zanina na shimfiɗa a ƙasa, na zauna a tsakanin gwiwoyinta, na miƙa mata kibiya ta kan kafaɗa. Akwai allurar ƙarin ruwa manne a bayan hannunta, yatsunta kuma duk sun kumbura a gaɓoɓi. Ta kama na farko ta ja ƙarfen da ƙarfi.

"Inna, ba haka ba. Buɗe shi za ki yi da farce, sannan ki fara daga ƙasa."

"Au, koya mini za ki yi?"

"Sana'ata ce. Ni mai kitso ce."

Ta yi dariya har gadon ya girgiza. "Ashe! Wanzami ba ya son jarfa. To wace mara imani ce ta yi miki wannan, kamar tana saƙa taru?"

"Ni ce."

"Da kanki? Ba ki da mutane ne?"

Ta dangwarar mini da kai gaba da tafin hannu, yadda nake yi wa yara masu mutsu-mutsu, ta ce, "Yi shiru. Yau ke ce kan."

Ba ta iya ba, gaskiya. Tana ja, tana tsinka mini gashi, tana tsallake layi ta dawo. Ga ta da nawa kamar hawainiya. Ina kallon hasken ranar yana janyewa daga gadona yana hawa bango, ina kasa kunne duk lokacin da na ji takalmi a baranda. Tana zuba ƙarafan a murfin kula, ƙwal, ƙwal, tana ba ni labarin surukinta da ba ya gaisuwa sai da hannu a aljihu. Na ce "uhm" inda ya kamata. Rabona da in zauna haka, bayana a jikin ƙafar wani, ina kallon ƙasa ana magana a saman kaina, tun mahaifiyata tana da rai. Na manta hannun mutum ɗumi gare shi. In ta gama layi sai ta sa yatsu ta warware gashin, ta ɗan sosa wurin, ba don aikin na bukata ba. Idona ya cika, na bar shi ya zuba a kan zanin, tunda ba mai ganin fuskar wadda ake yi wa tsifa.

Nas ɗin ta leƙo. "Yawwa, Mama, an kusa? Likita yana ɗakin maza, daga can nan zai yo. Ki yi maza ki wanke."

"Saura ƙiris," in ji tsohuwar. Ta zare na ƙarshe, ta jefa ƙarfen a murfi, ta tattara gashin duka a hannu biyu ta sake shi. Kaina ya yi sakayau, har iskar fanka nake ji a fatar.

"To, an gama, 'yar nan. Tashi ki wanke, Allah ya sa a yi a sa'a."

Na ce amin, amma ban tashi ba. Na san an gama. Ni na kitsa shi, na san inda kowane yake, kuma na ji fitar na ƙarshen. Ga sabulu can a kan durowa, ga muryar likita ta fara tasowa daga ƙarshen baranda.

"Inna," na ce, "duba mini ta ƙeya. Kamar akwai saura."

Yatsunta suka bi ƙeyar a hankali, daga kunne zuwa kunne. Babu komai a wurin sai gashi.

"Ai kuwa," ta ce. "Ga wani ɗan ƙarami nan ya ɓuya. Sunkuya."

Na sunkuya.