Hukunci Mai Shafi Goma Sha Ɗaya

"A miƙe tsaye!" in ji Magatakarda, da muryar da ya shekara talatin da ɗaya yana tayar da kotu da ita.

Mutum biyu ne kawai a ɗakin, Mai Burodi da Kafinta. Suka dubi juna, suka miƙe. Sai a lokacin Magatakarda ya tuna cewa yau shi ne ake miƙe wa, ga shi kuma tsaye tun ɗazu. Ya zauna a hankali yana gyara tabarau, kamar dama haka tsarin yake.

Wannan ne zamansa na farko a cibiyar sasanci, inda mutane ke kawo rigimarsu don gudun jeka-ka-dawon kotu. Shugabar cibiyar ba ta ɓoye masa ba, gwaji ne. In ya raba gardamar lafiya, sunansa ya zauna a jerin masu sasanci. In aka tashi baram-baram, ya koma gida. Shi kuwa gidan yake tsoro. Wata takwas da yin ritaya, maiɗakinsa ta mayar da shi mai gyaran famfo da kashe kyankyaso.

A kan wani lungu ake rigimar, wanda ya ratsa tsakanin gidan burodin matar da shagon Kafinta.

"Garin katakonsa ya ishe ni," in ji Mai Burodi. "Jiya wata ta dawo min da burodi, ta ce ji ta yi kamar kujera take ci."

"Ni fa hayaƙinta ya mayar min da katako kamar gindin tukunya. Hajiya, ke ma kin san..."

"Kada ka yi mata magana!" Magatakarda ya bugi tebur. "Ta bakina za ku yi."

Haka aka kwashe awa guda. Kafinta ya faɗa, shi kuma ya juya ya gaya wa matar da ke taku ɗaya daga wurin abin da ta riga ta ji. Sau uku yana tuna musu takardar da suka sa wa hannu: abin da ya yanke ya yanku, babu ɗaukaka ƙara. Maganar daɗi take masa a baki. Shekara talatin da ɗaya yana rubuta hukuncin wasu, ba wanda ya taɓa ce masa, "Kai me ka gani?"

"Baba, ka taɓa leƙa lungun kuwa?" Mai Burodi ta tambaya.

"Babu buƙata, ga zane." Ya tattara takardu yana ƙunƙuni. "Katanga. I, katanga ce maganin. Ku jira ni a waje."

Ya rufe kansa a ƙaramin ofis, ya cire hula, ya hau rubutu. Awa uku, shafi goma sha ɗaya, duk a kan a gina katanga a tsakiyar lungu. Ya karanta wa fanka sakin layi na ƙarshe, har tsikar jikinsa ta tashi. Ya ce a ransa, ashe asarar alƙali ƙasar nan ta yi.

Da ya fito, sai ya tarar da su a bencin baranda, kafaɗa da kafaɗa, suna gutsurar burodi ɗaya. Kafinta ya miƙa masa wata takarda mai layi biyar, da sa hannunsu duka. Za ta gama gashi ƙarfe goma, sannan ya tayar da injin yankan katako. Zai kafa mata ƙyaure, ya riƙa ba ta guntayen katako na hura wuta. Ita kuma za ta ƙara wa bututun hayaƙi tsawo.

"Ai ban karanta hukunci ba tukuna," in ji Magatakarda.

"Shi ya sa muka yi sauri, ranka ya daɗe."

"Mun ji ka ce katanga," in ji Mai Burodi. "Baba, lungun nan taku huɗu ne. In ka raba shi, ko kaza sai ta bi a karkace. Ga shi ka ce babu ɗaukaka ƙara. Shekara biyu bakinmu bai zo ɗaya a kan komai ba, sai yau a kanka."

Kunya ta kama shi, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ana haka sai ga Shugaba ta taho. Ta karɓi takardar ta karanta, fuskarta ta washe.

"A zama ɗaya! Wata biyar muna fama da waɗannan. Malam, yaya aka yi ka yi?"

Ya saci kallon mutanen. Kafinta ya duƙufa nazarin silin. Mai Burodi ta cika bakinta da burodi, Allah ya saka mata da alheri. Ya zura shafukansa bayan riga.

"Hajiya, sai dai gogewa," ya ce. "Mutum ya san lokacin da zai ba su wuri."

"To ranar Litinin akwai wasu makanikai biyu, naka ne. Su kam shekara biyar ba sa ga maciji."

Ya sa hannu a ƙasan layi biyar ɗin nan da ba shi ya rubuta ba. A motar haya ya zauna yana lissafi: awa uku ta raba rigimar shekara biyu, ta shekara biyar fa? Kafin ya isa gida, sai da ya sauka ya ƙaro takarda da biro biyu.