Lambun Inna a Takardar Ofis

Kullum kuna wuce layin nan na ƙofar ofishin tsugunar da baƙi, ku kau da kai kamar ba garinku ba ne. To, ku ji abin da ya faru a ciki.

Tafinta na zaune a ɗaki mai taga ɗaya, fanka sai juya zafi take yi. Ɗan gari ne, a nan aka haifi kakannin kakansa, amma yana jin harshen mutanen da ambaliya ta cinye ƙasarsu, suka kwararo dubu-dubu cikin wata uku. Shugaban ofis ya ajiye masa takarda.

"Karanta musu, mai son gida ya dangwala yatsa. 'Yan tsohuwar unguwa sun amince a yi wa baƙi gidaje a filin lambu."

"Ranka ya daɗe, yaushe suka amince? Lambun innata na ciki."

"Za su amince. Fassara aka ɗauke ka yi, ba tambaya ba."

Inna kuwa tana kan benci a bakin taga tun safe, ƙafafunta duk laka, tana jiran a saurare ta. Ta leƙo.

"Kai, mai baki biyu! Da wanne za ka sayar da ni?"

"Inna, don Allah ki yi haƙuri."

"Haƙuri na shuka maka, ko albasa?"

Ta farko a layi wata tela ce, ta rungumo kan keken ɗinkinta a ƙunshe cikin zane. Ya karanta mata takardar. Ta dubi tsohuwar da ke taga, ta dube shi.

"Ɗan'uwa, masu filin sun yarda?"

Shugaba ba ya jin harshen. Tafinta ya faɗa mata gaskiya.

"Ba a tambaye su ba."

"Mu ma ba a tambaye mu ba. Nawa lambun yana ƙarƙashin ruwa, na san zafinsa. Amma 'ya'yana huɗu a ajin makaranta suke kwana, kuma an ce mu tashi."

Ta miƙa babban yatsa. Shi da kansa ya tura mata tawada, ta dangwala.

Ya miƙe zai fita wurin Inna, amma ƙofa ta cushe da jama'a, ba hanya. Shugaba ya buga tebur: "Na gaba!" Tafinta ya koma ya zauna. Da ya sake duban taga, benci ba kowa, sai sawun laka.

Ba tela ce ta ƙwace lambun ba, shirunku ne. Ranar Laraba majalisar gari za ta zauna a kan filin nan. A zaman da ya wuce, ko mutum ɗaya bai hau bencin jama'a ba. Ku rufe shaguna ku je. Ku riƙo hannun Inna, ku riƙo na tela, ku faɗa da bakinku inda za a sauki baƙi a garinku, kafin a sake rubuta cewa kun amince.